Kafin a Ce "Yi Haƙuri", Kafin a Ce "Tafi Gidanku"



Iyayena maza da iyayena mata, malamanmu, yayye da ƙanne na Zangon Kwatano da Saint-Michel, da ku da kuka baro rumfunanku a Dantokpa da Missebo, da baƙinmu masu jiran motar Seme ko ta Malanville, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya saka da alheri. Na san duk sa'ar da ɗan kasuwa ya yi nesa da kayansa ciniki ne ya wuce shi, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Aikinmu kiwon lafiya ne, kuma mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa ma'aikaciyar lafiya da maganar aure? Bencin asibiti ne ya haɗa mu. Mace takan zo ta ce kanta ke ciwo, wata uku ba ta samun barci. A gwada jini, babu zazzaɓin cizon sauro. Sai an tura ƙofa an sassauta murya, sannan ta ce, "Ni dai na rasa yadda zan yi, in zauna ko in tafi." Magidanci ma yakan zo jininsa ya hau, a tambaye shi mutanen gida, ya sunkuyar da kai. Wannan tambaya ta zama ko tafiya tana hana mutane da yawa barci a unguwar nan, ko da yake da rana kowa na dariya a bakin rumfarsa.

A al'adarmu magani biyu kaɗai ake rubuta wa aure mai ciwo. Na farko shi ne "yi haƙuri". Na biyu shi ne "tafi gidanku". Dukansu halal ne, kuma kowanne yana da ranarsa. Inda matsalar take shi ne ana ba da su ba tare da an duba majinyaci ba. Babu wanda zai yarda likita ya yi masa allura tun bai tambaye shi inda ke masa ciwo ba, amma sai ga shi muna yanke wa aure hukunci a tsaye, cikin fushi ko cikin jin kunya. Ni ba zan ce wa kowa ya zauna ko ya tashi ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Roƙona guda ne: kafin a yanke hukunci, a san sunan ciwon. Abin da muke gani a wurin aiki ya kasu gida uku, kuma kowanne da ƙofar da ake kai shi.

Ciwon da ake ɗauka hali ne

Aure da yawa sun mutu a kan abin da asibiti ke iya magancewa. Babba a cikinsu shi ne rashin haihuwa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum ɗaya cikin shida yakan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa. Likitoci kuma sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun ɓangaren namiji a ciki. Na san wani bawan Allah da ya rabu da mata biyu a kan ba su haihu ba. Dukansu sun yi wani auren, dukansu sun yi goyo. Gwajin maniyyi na yini ɗaya ne, amma bai yi shi ba sai a kan ta uku. Alhaji, idan za a je gwaji, a je tare. Haka nan mai fushi da matarsa don tana haifa masa 'ya'ya mata, ya sani cewa a tsarin halittar da Allah ya yi, irin da ke fitowa daga uba ne ke sa ɗa ya zo namiji ko mace.

Sai ciwon sikila. Idan yara suna yawan ciwon ƙashi, ana ƙara musu jini, wasu suna rasuwa, dangi sukan ce matar ce mai farar ƙafa. Gaskiyar ita ce yaro ba ya samun irin wannan sikila sai ya gado daga uwa da uba baki ɗaya. Idan su biyun masu AS ne, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Nauyi ne na mutum biyu, ba laifin ɗaya ba.

Akwai abin da maza ba sa son a ambata a taro, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Raunin namiji a shimfiɗa sau da yawa alama ce ta ciwon suga ko hawan jini. Maigida yakan ɓoye, ya riƙa daɗewa a waje, ya dawo da faɗa don kada a kusance shi. Uwargida kuma ta ɗauka wata ce a waje. Daga nan a koma ga magungunan da ake tallarsu a faranti, waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba, alhali wasunsu haɗari ne ga mai ciwon zuciya. Gwajin suga da awon jini ba su kai kuɗin waɗancan magunguna ba.

Ga mai jego da ta daina walwala, tana kuka ba dalili, ta kasa girki, wani lokaci har ta ƙi jaririnta. A ce raini ne, ko a ce iska ce. Sau da yawa ciwon damuwa ne da ke biyo bayan haihuwa, kuma yana da magani. Ga wadda doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari, aka ware mata kwano da tabarma. Ana yi wa wannan aiki a warke, a asibitin Tanguiéta a arewacin ƙasar nan, da Babbar Ruga a Katsina. Ga ma'auratan da gwaji ya nuna ɗaya na da ƙwayar cutar ƙanjamau, ɗaya ba shi da ita. Wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin zamansa. Ga kuma ɗan zem ko ɗan dako da ya fara shan tiramol don ya jure aiki, har ƙwayar ta canza masa hali. Duk waɗannan a fara kai su asibiti kafin a kai su zauren liman.

Ciwon talauci da na nisa

Kashi na biyu shi ne wanda kasuwa ke kawowa cikin gida. Ba ku manta da watan Agustan 2019 ba, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe Seme ba sai Disambar 2020. Jarin mutane da yawa ya narke a wannan tsakani. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, a shekarar da darajar naira ta faɗi warwas. Wanda jiya yake sauke buhun shinkafa a gida ya koma awo da kwano. Wani ya maƙale a Maraɗi ko Kano, iyali na nan. A gidaje da yawa cinikin uwargida ne ya riƙe tukunya. Namijin da bai saba karɓa daga hannun matarsa ba yakan mayar da kunyarsa faɗa. Matar da ta gaji da ɗaukar kaya biyu ita ma bakinta yakan yi kaifi.

Irin wannan shi ne wurin haƙuri da sulhu, domin zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara hanya: idan aka ji tsoron ɓaraka, a tayar da mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Sai dai mu a zango muke. Waliyyin wata yana Sakkwato, kawun wani yana Dogonduci. Saboda haka nauyin yakan faɗa kan liman, da Sarkin Zango, da mai masauki, da dattijan layin kasuwa. Iyayena, idan aka kawo muku irin wannan magana, ku saurari kowa shi kaɗai kafin ku haɗa su. Mace ba za ta faɗi abin da ke ranta ba a gaban mijinta da abokansa biyar. A samu dattijuwa ta zauna da ita.

Sannan haƙurin ya zama mai wa'adi. Idan mace ta yi yaji aka zo biko, kada a tsaya kan goro da "Allah ya kiyaye gaba". A faɗi abin da zai canza, da wanda zai canza shi, da ranar da za a sake zama a duba. Kuɗin cefane nawa ne a mako? Wa zai biya haya? Mai tafiya zai riƙa aiko da me, kuma yaushe zai dawo? Ɗan kasuwa ba ya ba da bashi babu ranar biya. Idan wata uku ko shida suka wuce, aka ga mai laifi ya amsa laifinsa kuma yana ƙoƙari, ko da bai kai ba, to auren nan da sauran numfashi. Idan kuwa yaji na huɗu ne a kan magana ɗaya, biko na huɗu da alkawari ɗaya, to shekarun da suka wuce sun riga sun ba da amsa.

Ga wadda mijinta ya yi nisa, babu aike babu labari, kada ta ɗauka an ɗaure ta ke nan har abada. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu muke bi, matar da aka bari babu ciyarwa tana da ikon kai ƙara a raba auren bayan an yi bincike an ba da wa'adi. Malaman mazhabar sun kuma ce inda babu alƙalin Musulunci, kamar nan Kwatano, jama'ar Musulmi masu adalci suna tsayawa a matsayinsa.

Ciwon da ba a jira da shi

Kashi na uku shi ne cutarwa, kuma a nan zan roƙi ku ba ni kunnuwanku sosai. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ta nuna cewa kimanin mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, mafi yawa daga hannun abokin zamanta. Ba ciwon wata ƙabila ko wani addini ba ne.

'Yar'uwa, akwai alamomin da idan kin gan su, maganar ta wuce ta zaman aure, ta koma ta tsira da rai. Idan ya taɓa shaƙe miki wuya, ko sau ɗaya ne. Idan ya ɗauko wuƙa ko adda, ko ya ce zai kashe ki ko ya kashe kansa. Idan ya doke ki kina da ciki. Idan yana kulle ki, ya ƙwace wayarki da kuɗin cinikinki. Idan dukan bana ya fi na bara, ko hannunsa ya fara kaiwa ga yara. Masu bincike sun gano cewa shaƙe wuya na cikin manyan alamomin da ke gabatar kisan mace a gidan aurenta. A irin wannan hali, a fara fita zuwa inda ake da aminci. Maganar ko aure zai ci gaba, a yi ta daga baya, daga nesa.

Ki kuma sani cewa lokacin fita shi ne mafi haɗari, don haka kada ki sanar da shi cikin faɗa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki ajiye katin shaidarki, da takardun haihuwar yara, da katin rigakafinsu, da ɗan abin da kika tara, a wurin wadda kika amince da ita, ko uwar adashinku ce. Idan an ji miki rauni, ki je asibiti a ranar, ki nemi takardar shaidar likita. Idan an tilasta miki kwanciya kuma kina tsoron cuta, maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5.

Dokar ƙasa tana tare da ke. Jamhuriyar Benin tana da doka mai lamba 2011-26 ta ranar 9 ga Janairun 2012 a kan hana cin zarafin mata, aka ƙara mata ƙarfi da doka mai lamba 2021-11 ta Disambar 2021. Akwai hukumar mata ta ƙasa, Institut National de la Femme, wadda ke da ikon shigar da ƙara a madadin wadda aka zalunta. Akwai komisariya, akwai ofisoshin jin daɗin jama'a na unguwanni. Ba a tambayar ko aurenki na masallaci ne ko na meri kafin a kare ki daga duka. Shari'ar Musulunci ma ba ta bar ki ba. A littattafan Malikiyya da alƙalan Kano da Sakkwato ke hukunci da su, irin su Mukhtasar na Halilu da Tuhfatul Hukkami, idan cutarwa ta tabbata alƙali yana raba aure, ba tare da matar ta mayar da sadaki ba.

Iyayena, idan 'yarku ta zo da kumburarren ido, kada a mayar da ita a daren don gudun abin da maƙwabta za su ce. Zawarci ba mutuwa ba ne. Idan ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. Kai kuma ɗan'uwa da ka san hannunka na saurin tashi, nemi taimako tun kafin ka aikata abin da ba ya gyaruwa. Namijin da shi ake cutarwa a gidansa, domin akwai su, ƙofarmu a buɗe take gare shi.

Idan rabuwa ta zama dole

Wanda ya duba duk wannan ya ga babu makawa sai an rabu, to ya fara da tambayar da mutanen kan iyaka kan manta: wace doka ce ta san da aurena? Dokar iyali ta Benin, wadda aka sa wa hannu ranar 24 ga Agustan 2004, auren da aka ɗaura a gaban jami'in meri kaɗai ta sani, kuma na mace ɗaya. Da yawa daga cikinmu a masallaci ko a zaure aka shafa fatiha, ba a je meri ba. Irin wannan aure ingantacce ne a addini, amma kotun Kwatano ba ta ganin matar a matsayin matar aure, ko a rabuwa ko a gado. Wanda kuwa ya yi na meri, furucin baki ba ya warware shi a idon hukuma, sai kotu. A Kano da Katsina da Sakkwato kotunan shari'ar Musulunci suna sauraron auren fatiha. A Nijar babu dokar iyali guda ɗaya, kotu takan bi al'adar ma'auratan. Aure ɗaya ne, amma fuskarsa na canzawa daga wannan iyaka zuwa waccan. Saboda haka ko ina aka rabu, a rubuta takarda mai kwanan wata da shaidu, kowa ya riƙe tasa. Saƙon murya a WhatsApp ba zai tsaya wa mace shaida mai ƙarfi ba ranar da za ta sake aure a wani gari.

Maigida, addini ya tsara saki yadda zai bar ƙofar komawa: saki ɗaya, a cikin tsarkin da ba a kusance ta ba, ta yi idda kana ciyar da ita, mai ciki kuma har ta haihu. A mazhabarmu, uku a furuci ɗaya uku ne. Mutane nawa suka furta shi a kan gishirin miya, gari ya waye suna yawon neman malamin da zai buɗe musu ƙofar da suka rufe da hannunsu? Uwargida, ke ma kina da hanyar hul'i. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta je wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ta zargi mijinta da mugun hali ba, zaman ne ta kasa. Ta mayar da gonar da ya ba ta sadaki, aka raba su.

Kayan ɗaki na mace ne, haka jarinta da zubin adashinta. Idan kun haɗa kuɗi a rumfa ɗaya, a zauna da dattijan layi a yi lissafi kafin zukata su ƙara ɓaci.

Sai yara, waɗanda ba a yi shawara da su ba ranar ɗaurin aure, ba a kuma yi da su ranar rabuwa. A Malikiyya uwa ce ta fi cancantar renonsu, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, muddin babu abin da ya kawar da wannan haƙƙi, ciyarwa kuma tana kan uba. A dokar Benin ma haƙƙin ɗa a kan mahaifinsa bai dogara da auren meri ba, amma sai an tabbatar da uban, shi ya sa takardar haihuwa mai sunansa take da muhimmanci. Kada a ɗauki yaro cikin fushi a tsallaka da shi iyaka a kai wa gwaggo riƙo. Tun 2006 ƙasar nan ke da dokar da ta tsara fita da yara, ana neman izini a rubuce. Mu a asibiti muna ganin sakamakon: rigakafi ya yanke, makaranta ta yanke, mai sikila ya rasa wanda ya san maganinsa. Kada kuma a mayar da yaro ɗan aike tsakanin uwa da uba, ko a zagi ɗayansu a gabansa. Wanda kike zagi, rabin jinin ɗanki ne.

'Yan'uwa, na san a cikin masu saurarena akwai wanda wannan tambaya ke kwana da shi. Ba sai ka ɗaga hannu ba, ba sai kin ce komai ba. Idan an koma gida, a tambayi zuciya: akwai wanda ransa ko lafiyarsa ke cikin haɗari a ɗakin nan? Idan akwai, a nemi mafaka yau. Idan babu, akwai ciwon da ba mu kai asibiti ba? Idan an duba wannan, mun taɓa zama da masu sulhu na gaskiya, aka sa wa'adi, aka cika ko aka saɓa? Wanda ya bi waɗannan matakai, ko ya zauna ko ya tafi, ya yi da ido buɗe, kuma ba zai wayi gari yana cewa da na sani ba.

Bayan an tashi, ma'aikatanmu suna nan, mace don mata, namiji don maza. Za a auna jini da suga, za a saurari duk mai magana, kuma abin da aka faɗa a ɗakin ba ya fita.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya. Inda zama ya fi alheri, Allah ya daidaita zukata. Inda rabuwa ta fi alheri, Allah ya sa a rabu cikin mutunci, ya musanya wa kowa da mafi alheri. Allah ya raya mana zuriya, ya sa albarka a kasuwa, ya kai matafiya gida lafiya.